Babu Gajiya, Na Ce wa Majo

Filinge, ranar Asabar, jajibirin kasuwa

Zuwa ga Lado,

Ina farawa da neman gafararka, domin na san takarda mai tsawo irin wannan nauyi ce ga matafiyi, kuma abin da ke cikinta ya fi tsawonta nauyi. Ka yi haƙuri da ni. Bayan haka ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sauke ka lafiya a garin da aka tura ka koyarwa, ya tsare ka daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ka da maƙwabtan kirki da yara masu jin magana. Na sa takardar a ƙarƙashin rigunanka don kada ka gan ta sai ka isa. Innarka ta san da ita, ita ce ma ta ɗaga rigunan na saka.

Ka san al'adarmu. Kai ne ɗan farina, kai kaɗai kuma Allah ya bar mana. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, sai Lado, saboda ranar Lahadi ka zo ana tsakiyar cin kasuwa. Kunyar ɗan fari ta hana ni ɗaukar ka a gaban mutane kana jariri, ta hana ni zama tabarma ɗaya da kai da ka girma. Shekara ashirin da biyu ke nan maganarmu ba ta wuce gaisuwa da aike ba. Ban raina al'ada ba, a cikinta aka rene ni. Amma akwai maganar da dole uba ya faɗa, tun da bakina ba zai iya ba, na ba alƙalami.

Ga abin da ya sa na rubuta yanzu. Ka san akwatin ƙarfena da ke ƙarƙashin gado, inda nake ajiye ƴan littattafan wayar da kai. Ka kuma san yadda na jera su: na noma a sama, sai na kiwo, sai na ruwa, na kiwon lafiya a ƙasa. Koren littafin nan da ke bayani a kan sida, wato cutar ƙanjamau, kullum shi ne na ƙarshe, a kife. Mako uku da suka wuce na same shi tsakanin na kiwon shanu da na gina rijiya, an naɗe kusurwar shafi ɗaya, shafin da aka zana mutum zaune ya dafe kai, aka jera alamomi a gefensa. Ni ba na naɗe kusurwar takarda. Innarka ba ta karatun boko. Gidan kuma mu uku ne.

Ban yi fushi ba, gabana ne ya faɗi. Domin tun da ka dawo daga Yamai, bayan ka gama makarantar horon malamai, ina lura da kai. Kana barci da hantsi. Kana barin rabin tuwonka. A gona kana jingina da hauya tun rana ba ta yi zafi ba. Na ga kana taɓa wuyanka da yatsu idan kana tsammanin ba mai kallo. Kullum safiya in ce maka, "Ina gajiya?" ka ce, "Babu gajiya, Baba." Na san wannan amsa, Lado. Na ba da ita fiye da shekara goma sha biyar, kuma labarinta nake so ka ji.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu aka ba ƙasarmu ƴancin kai. Ina tuna ranar da aka tara mu a fili aka ɗaga sabuwar tuta. Wani mushe, wato malamin makarantar boko, ya nuna mana da'irar da ke tsakiyarta ya ce rana ce. Wani tsoho a bayana ya ce, "To ai rana muna da ita, su ƙara muna hadari." Aka yi ta dariya, domin a lokacin ba wanda ke tsoron rana. Damina tana zuwa a kan kari. Idan ka hau tudun duwatsun nan na gabas ka leƙo babban kwarin nan da muke kira dallol, gero ne kore har iyakar ganinka, da gawo da goruba tsaye a cikinsa, jajayen shanu suna gangarowa rijiya a jere. Ranar Lahadi kuwa ƙamshin man shanu da cuku yana tarbar ka tun daga bakin gari. Kakanka yakan saya mini ƙosai ya ce in ci a hanya kada ƙannena su gani. Har yau idan na rufe ido wannan ƙasar nake gani, ba ta yanzu ba.

Shekara uku kawai na yi a lakkol, wato makarantar boko, aka cire ni don kiwo. Sauran ilimina daga ƴan littattafan nan ne, waɗanda aka fara rabawa a ajin karatun manya bayan ƴancin kai. Yadda ake tace ruwa da ƙyalle, yadda ake wanke iri da jan magani kafin shuka, yadda ake gane ciwon huhu a saniya. Ina karanta su har in haddace. Da su na samu aiki a biron noma, wato ofishin aikin gona, aka ba ni kula da ma'aunin ruwan sama, wanda mutanen gari ke kira gwangwanin Malam. Kullum safiya in duba, in zuba a gilashin awo, in rubuta. Abokaina suka sa mini Malam Milimeta, sunan da ka sani har yau.

A nan kuskurena na farko ya samo tushe, ko da yake ban gane kuskure ba ne sai da na tsufa. Na ɗauka duk matsalar da ke duniya an buga mata littafi, abin da ba a buga wa littafi ba kuma ba a maganarsa. Na saba tambayar takarda, na kasa tambayar mutum. Kai ka fi ni karatu nesa, saboda haka wannan tarko ya fi kusa da kai. Littafi yana faɗa maka alamomin da ake gani a jikin mutane, amma bai taɓa ganin jikinka ba. Ba shi da ido, ba shi da hannu, ba ya ɗaukar jini.

Kana ɗan shekara uku babban fari ya zo. Ba ka tuna shi, na gode Allah. Ni ina tuna safiyoyin da nake zuwa wurin gwangwani in ɗaga murfi, in tarar ba ko danshi, in ja layi a littafi. Layi, layi, layi, har shafi ya ƙare. Shanun da na faɗa maka suka zube a bakin rijiyoyi. Mutanen arewa suka sauko da abin da ya rage musu suka kafa bukkoki a bayan gari. Tun da babu ruwan da zan auna, biro ya tura ni Bonkuku in taimaka wajen rabon jar dawar nan ta agaji. Aka ce wata biyu, na yi bakwai. Na bar ka da innarka a nan.

A Bonkuku akwai wata mata da ke yi mana abinci, mu ma'aikatan rabo. Ba zan rubuta sunanta ba, kuma ba na so ka zarge ta. Mijinta ya kora sauran dabbobinsa kudu bai dawo ba, ba saƙo ba labari. Tana da raha duk da halin da ake ciki. Takan ce mini, "Malam, yau nawa aka yi a gwangwani?" in ce, "Gwangwani na Filinge." Ta ce, "To rubuta dai, kada hannu shi manta." Ban taɓa ƙara mata ko tiya ɗaya a kan rabonta ba, ina so ka san wannan. Kaɗaici ne da raunin zuciya. A wata na biyar na kusance ta, sau uku, ba aure, ba kuma wata kariya. Ban ma san akwai kariya ba a lokacin. Na rubuta wannan jimla sau huɗu a wata takarda kafin in iya kwafe ta a nan.

Na tuba ga Allah, ina kuma fata ya karɓa. Shawarata ta farko a kan wannan ita ce wadda malamai suka faɗa maka tun kana ƙarami: ka kiyaye kanka har aure. Baƙo a gari, mai albashi, marar iyali, shi ne wanda aka fi jarraba, kuma jarrabar ba ta zuwa da mummunar fuska. Tana zuwa da kwanon abinci da tambayar lafiya. Amma ni da na faɗi ba ni da bakin yin kamar ba a faɗuwa. Idan Shaiɗan ya rinjaye ka, kada ka haɗa zunubi da cuta. Kororon roban nan da aka zana a bayan koren littafin ana samun sa a kantin magani. Kunyar sayen sa ta minti ɗaya ce.

Bayan kamar mako guda na fara jin zafi wajen fitsari, da wani abu da ke ɓata mini wando. Na bincike akwatina a zuciya, shafi shafi, babu littafin da ya yi maganar wannan. Sai na gaya wa Alzuma, direban motar da ke kawo mana dawa, wanda ka sani yanzu yana sayar da taya a bakin tasha. A lokacin saurayi ne mai baki. Na ja shi bayan mota na yi masa bayani da kewaye-kewaye. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya kama ciki yana dariya.

"Malam Milimeta, ashe kai ma mutum ne. Gwangwanin biro ya bushe, na gida kuma yana ɗiga."

Na ce, "Alzuma, don Allah rage murya."

Ya ce, "Ciwon sanyi ne, ba wani abu ba. Kowane direba ya san shi, maƙwabcinmu ne. Tahi kasuwa wurin mai tebur, ka sayi kafso ɗin nan mai ja da rawaya. Biyu da sahe, biyu da marece. Jibi ka manta."

Na ce, "Kwana nawa zan sha?"

Ya ce, "Har shi daina. In ya daina mi za ka yi da magani kuma?"

Ka gafarta mini kawo maganarsa yadda ya faɗe ta. Na sha kwana uku, zafin ya tafi, na daina. Ni da na haddace cewa idan aka fara yi wa saniya allura sai an cika kwanakin, ko da ta miƙe tana kiwo, ban yi wa kaina wannan adalci ba. Ka riƙe wannan da kyau: tafiyar alama ba warkewa ba ce. Wasu cututtukan nan suna yin shiru ne kawai, su koma ciki. Maganin tebur kuma wanda ya sha rana a kasuwa, ba ka san ƙarfinsa ba, mai sayarwa ma bai sani ba. Idan wani aboki a Yamai ya ba ka irin shawarar Alzuma, to har yanzu ba a yi maka magani ba.

Na dawo gida da faɗuwar ruwan farko na daminar da ta biyo. Ina tuna ranar. Ƙasa tana ƙamshi, kai kana tsalle tsirara a tsakar gida, innarka ta fito da ƙwarya tana tarar ruwan indararo tana dariya. Ban taɓa ganin ta da kyau kamar ranar ba. Na koma ɗakinta ban ce mata komai ba.

Daga nan gajiya ta kama ni. Ba irin ta noma ba, wadda barci ke wankewa. Nakan tashi da safe kamar an ɗora mini buhu. Tafiya daga gida zuwa wurin gwangwani, wadda ba ta kai tsawon gona ɗaya ba, sai in tsaya a hanya. Bakina ba ɗanɗano. Na buɗe shafi a bayan littafin ruwa ina rubuta yanayin jikina kullum: yau nauyi a ƙafafu, yau jiri bayan azahar. Ina duba harshena a madubi, ina matsa wuyana, daidai yadda na ga kana yi. Da na ƙara dubawa sai in ƙara samun abin tsoro.

Bayan wata huɗu na yi ƙarfin hali na tafi disfansar, ƙaramin asibitin garinmu. Na shirya maganata tun a gida, na maimaita ta a hanya: zan fara da gajiya, daga gajiya in gangara zuwa Bonkuku. Majon da ke wurin a lokacin, wato babban mai jinya, mutumin yamma ne, Hausarsa ba ta nuna ba. Yana da jerin tambayoyi da Faransanci a gabansa, yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Ƙofa a buɗe take, layi ya kai har bakin tebur, mutum na biyu a bayana kuwa limamin unguwarmu ne.

Majo ya ce, "Zazzaɓi akwai?"

Na ce, "Babu."

"Gudawa?"

"Babu."

Ya sa yatsa a layi na gaba, ya nemi Hausar kalmar, sai ya ɗago kai ya ce, "Ina gajiya?"

Na ce, "Babu gajiya."

Wallahi, Lado, ban san lokacin da ta fita ba. Bakina ne ya amsa gaisuwa kamar yadda ya saba tun ina yaro. Na ga ya ja layi a takardarsa, irin layin da nake ja ranar da ba ruwa. Ya ce, "To mi ya kawo ka?" Liman yana bayana yana jan carbi. Ta yaya zan ce, a'a, na yi ƙarya, akwai gajiya, ga kuma inda ta samo asali? Na ce, "Ciwon kai." Ya ba ni ƙwayoyi farare a ƙunshin takarda. Na yi godiya na fito. Ban sake komawa da wannan magana ba sai bayan shekara goma sha biyar.

Ba laifin majo ba ne. Ya yi tambaya, na ba shi amsa. Mu mutane ne da aka koya wa cewa lafiya lau ko ana ɗauke da mu a kan amalanke. Wannan tarbiyya ce mai kyau a bakin hanya da wurin zaman makoki, tana hana mu ɗora wa juna nauyi. Amma a gaban mai magani guba ce. Idan ka shiga, ka roƙa a rufe ƙofa, haƙƙinka ne. Ka fara da abin da ya fi ba ka kunya, kafin a tambaye ka komai. Sauran maganar za ta zo da sauƙi.

Yanzu na iso wurin da ya fi mini nauyi. A cikin shekarar da na dawo innarka ta fara ciwon mara. Ta yi ɓari sau ɗaya, daga nan ba ta sake samun ciki ba. Tsofaffin mata suka ce iska ce ta shafe ta a ƙarƙashin babban gawon nan da ke kan hanyar rijiya. Ta sha saiwoyi da sassaƙe iri iri. Aka hana ta bi ta ƙarƙashin gawon, sai ta riƙa kewayawa ta bayan makera, hanya ninki biyu, da tulu a ka, safe da yamma. Ina ganin ta. Wani abu a zuciyata yana faɗa mini gaskiya, ina danne shi da cewa ai na sha kafso na warke. Kai kuma ka tashi kana tambayar ta me ya sa ba ka da ƙane, tana ce maka yana hanya.

Fari na biyu ya zo ya wuce. Gajiyata takan lafa ta dawo. Sai ga koren littafin nan an raba a biro. Na karanta shafin da ka naɗe, na ga gajiya, na ga rama, na ce shi ke nan, ga sunan abin da ke cina. Wata shida ina ɗauke da wannan hukunci ni kaɗai. Na ware kofina. Na daina aski a wurin wanzami. Na rubuta wasiyya. Da na ga tsoro zai kashe ni kafin cuta, na karɓi aiken kai littattafan ruwa Yamai, na wuce asibiti.

Likitan saurayi ne, bai fi ka da yawa ba. Na ce a rufe ƙofa, ya rufe. Ya ce, "Baba, ina gajiya?" Na ciji leɓena don kada bakina ya amsa gaisuwa. Na ce, "Likita, gaisuwa ce ko tambaya?" Ya yi murmushi ya ajiye alƙalami ya ce, "Tambaya." Na ce, "To akwai ta, shekara goma sha biyar." Na faɗa masa komai, daga Bonkuku har gawo.

Aka ɗauki jinina da fitsari. Da sakamako ya fito ya ce babu sida. Ya ce jinina ya yi ƙaranci, akwai tsutsar ciki da ta daɗe, akwai kuma alamar tsohon ciwo da bai samu cikakken magani ba. Ya ce, "Wani kashi na gajiyarka daga jini ne, wannan muna da maganinsa. Sauran kuma kayan da ka ɗauka ne ka hana kowa ya kama maka." Na tambaye shi game da innarka. Ya ce ba zai rantse ba tun da bai duba ta a lokacin ba, amma irin wannan ciwo idan ya shiga mace aka bar shi, yana iya toshe hanyar haihuwa ba tare da ta san tana ɗauke da shi ba. Ya ce in kawo ta, domin ba a yi wa mutum ɗaya magani a bar ɗaya.

Ka lura, abin da na ji tsoro ba shi ne ya same ni ba, abin da na raina shi ya yi ɓarna. Saboda haka ban rubuto don in ce kana da wani ciwo ba. Gajiya tana da iyaye da yawa: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, tsutsa, da damuwa ita kanta. Ni ban sani ba, kai ma ba ka sani ba, koren littafin ma bai sani ba. Awo ne kaɗai zai faɗa. Likitan ya kuma gaya mini cewa idan abin bai daɗe da faruwa ba, akan sake awon bayan wasu watanni kafin a tabbatar. Ka tambayi wannan da kanka.

Da na dawo na sami innarka tana sussukar gero bayan la'asar, kai kana makaranta a lokacin. Na zauna a kan turmin da ke kife, na faɗa mata. Ba ta daina aiki ba har na gama. Sannan ta jingina taɓarya da bango.

Ta ce, "Malam, ashe gawon nan bai yi mini komi ba."

Na ce, "Bai yi ba."

Ta ce, "Shekara goma sha biyar ina kewaya shi da tulu a kaina. Har tofar da yawu nake in na hango shi."

Ta juyo ta dube ni.

Ta ce, "Da ka hwaɗa mini ranar da ka dawo, da na yi hushi. Wata guda, ko biyu. Wataƙila in tahi gidanmu a biyo ni da biko. Daga nan mu tahi likita tare. Kai ka ji tsoron hushin wata biyu."

Ba ta yi kuka a gabana ba. Kwana tara ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa. A rana ta goma ta ɗaura zanenta na fita ta ce, "Tashi mu tahi Yamai ɗin." Aka yi mana magani mu biyu. Lokacin haihuwa ya riga ya wuce mata. Washegarin dawowarmu na ga ta ɗauki tulu ta bi ta ƙarƙashin gawon, ta tsaya a inuwarsa ta daɗe, sannan ta wuce. Jikina ya yi sauƙi tun daga wannan shekara. Amma duk ranar da na ga ƴan'uwa suna cin abinci kwano ɗaya, sai in tuna kai kaɗai kake ci.

Ga inda maganar ta dawo gare ka. Bayan girbin baɗi za a ɗaura aurenka da Salamatu. Kai ka zaɓe ta, ita ta zaɓe ka, mu kuma mun yi murna. Ranar da ta kawo wa innarka rigar da ta ɗinka mata, na ji su suna dariya a ɗaki, sai na tuna innarka da ƙwaryarta a ƙarƙashin indararo. Ba na so wata rana Salamatu ta kewaya wani itace saboda shirunka. Ban tambaye ka abin da ya faru a Yamai ba, ba kuma zan tambaya ba. Wannan tsakaninka da Allah ne. Abin da ke jininka kuwa ba naka ba ne kai kaɗai.

Na karanta wa innarka wannan takarda kafin in rufe. Ta saurara har ƙarshe, ta ce in ƙara abu ɗaya: ka ci abinci, kuma ko mene ne aka samu, ɗakinka na nan, kwanonka na nan cikin kwanoninmu, ba mai ware maka kofi. Ni ma na sa hannu a kan wannan.

Allah ya kiyaye ka a tafiya da zama. Allah ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya sa albarka a cikin allinka da muryarka, ya sa yaran mutane su amfana da kai. Allah ya rufa mana asiri, ya yafe mini abin da na jawo muku, ya dawo mana da kai muna raye. Innarka tana gaishe ka. Ni ne mahaifinka, mai awon ruwa.

Saura roƙona. Na jera shi da lamba don ka amsa shi da lamba, a rubuce, ta akwatin gidan waya na biro, ka sa "na hannu" a bayan ambulan don kada magatakarda ya buɗe.

1. Ka sanar da ni ranar da ka sauka, da nisan garin daga asibitin da ake awon jini.

2. Ka je wurin kafin wata ya ƙare, ka sa a rufe ƙofa, ka faɗi komai. Ka rubuto mini ranar da ka je. Idan kana so in zo in zauna a bakin ƙofa, ka ce in zo. Zan samu wanda zai duba mini gwangwani.

3. Idan an ba ka magani, ka shanye shi har ƙwayar ƙarshe. Idan an ce ka koma a sake awo, ka koma. Idan akwai wata a Yamai da ya kamata ta sani, ka sanar da ita.

4. Ka yi mini alkawari ba za a sa ranar aure ba sai sakamako yana hannunka, kuma Salamatu ta ji shi daga bakinka.

5. Ina gajiya, Lado? Wannan tambaya ce, ba gaisuwa ba. Ina jiran amsarka.